Ƙanin Mijina da Ya Shekara Biyu Yana Gaida Gwamnati

Ƙanin mijina ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyaran bututu a ma'aikatar ruwa, kuma tun yana aikin har ya yi ritaya ban taɓa ganin aljihunsa na dama babu nauyi ba. Sufana ce a ciki, ta ɗaure bututu, wata 'yar ƙarama da ya naɗe wa hannu da baƙar roba. Da ita yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa duba mara lafiya. Duk rigunansa sun karkace gefe guda saboda ita. Shi ya sa unguwa ta ajiye sunansa na gaskiya, yaro da babba Sufana suke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a.

Ni matar yayansa ce. Tun da Allah ya karɓi maigidana, shekara tara ke nan, Allah ya jiƙansa, nake zaune a ɗakina na ƙuryar gida, shi da matarsa suna ɓangaren ƙofa. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Don haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba.

Mutum ne da ba ya iya wuce famfo yana ɗiga. Mun taɓa zuwa gaisuwar rasuwa wani gida, aka neme shi a cikin maza aka rasa, can sai ga shi ya fito daga bayan gida hannun riga a naɗe, yana ce wa masu makoki su yi haƙuri, amma robar famfonsu ta cinye. Babban abin da yake alfahari da shi kuwa kunnensa ne. Yana da wani dogon ƙarfe, yakan kafa bakinsa a ƙasa ya ɗora kunne a ɗaya bakin, ya rufe ido kamar mai addu'a. In ya ɗago ya ce a haƙa nan, to nan ɗin ne bututu ya fashe. Yakan ce mini, “Matar Yaya, kowa ya iya ɗaure bututu. Sauraro shi ne aikin, kuma ba wanda ke gode wa mai sauraro.”

Ruwan unguwarmu ba shi da rana ba shi da lokaci. Yau ya zo layin makaranta, gobe ya zo layin masu injin niƙa, jibi ya yi shiru ko'ina. Da can sai mace ta ɗauki jarka ta yi ta yawo tana leƙa gidajen mutane. Da Sufana ya yi ritaya zaman gida ya ishe shi, mu ma ya ishe mu, sai babbar 'yarsa ta sayo masa waya mai shafawa, ta buɗe masa zaure a ciki, irin wanda mutum zai yi magana sau ɗaya kowa ya ji. Ya sa masa suna Zauren Ruwa. Kafin wata uku mun haura ɗari biyu, yawancinmu mata.

Dokokinsa ba su da yawa amma ba sa lanƙwasuwa. Ba talla, ba hoton fure da barka da safiya, ba wa'azi. In wata ta ce ruwa ya zo layinsu, sai ya hau kekensa ya je ya tara hannu a ƙarƙashin famfon, sannan ya dawo ya ce, “Na taɓa, gaskiya ne.” Matarsa, faccalata, takan ce ta auri miji ta wayi gari da ɗan aike. Amma mata sun huta da yawon jarka, kuma in yana wucewa a kan keke har daga cikin gidaje ake ɗaga masa murya ana sa masa albarka.

Ana nan sai aka sanar a rediyo cewa hukuma ta yi sabuwar doka a kan intanet. Duk mai riƙe da zaure da ya wuce mutum ɗari sai ya je ya yi rajista, kuma duk abin da aka faɗa a zaurensa a wuyansa yake. Bayan sanarwar sai ƙishin-ƙishin ya bi gari, wai yanzu duk abin da ka faɗa a waya akwai wanda aka ajiye yana ji.

Na ga abubuwa a makon nan. Wanzamin bakin layi ya koma kashe wayarsa kafin ya zagi masu kawo wuta. Faccalata, in za ta yi gulmar surukar 'yarta, sai ta tura wayarta ƙarƙashin katifa ta zauna a kai. Ni dai na ce dama akwai marubuta biyu a kafaɗuna dare da rana, ƙarin na uku bai hana ni barci ba. Abin da ya ɗan tsaya mini a rai shi ne, waɗancan biyun na san ba sa rubuta abin da ban faɗa ba, na ukun kuwa ban san halinsa ba.

Mutum ɗaya ne a unguwar ya yi murna, shi ne Sufana.

Ya same ni ina shara ya ce, “Matar Yaya, kin san takarda nawa na rubuta wa manya a shekara talatin da ɗaya? Bututu kaza ya ruɓe, wuri kaza na yoyo. Ko ɗaya ba a karanta ba. Yau ga shi gwamnati ta ɗauki mutum musamman don ya saurare ni.”

Na ce, “Kai aka ɗauka masa, ko duk ƙasa?”

Ya ce, “Duk ƙasa mana. Amma me sauran ke faɗa? Surutu. In ya iso kaina zai gyara zama.”

Washegari ya sa aka goge masa farar rigarsa, ya je ya yi rajista. Ya dawo da takarda mai hatimi, ya sa aka lulluɓe ta da leda, ya rataye ta a falo kusa da hoton ranar ritayarsa.

Tun daga ranar saƙonninsa suka canza. Sai ya yi gyaran murya ya ce, “Salamu alaikum jama'ar zaure. Kai ma mai sauraro, barka da aiki.” In ya gama faɗa mana inda ruwa ya zo sai ya ce, “Mata, ku tafi, sauran ba naku ba ne. Mai sauraro, ɗauki biro. Layin makaranta, daidai sandar wuta ta uku, bututu inci huɗu, mahaɗin ya yi tsatsa.” A hankali yake faɗa, yana maimaitawa, don kada mutumin ya yi kuskuren rubutu.

Har kamanninsa ya zana mana. Wai mutum ne mai iyali, yana zaune a ɗaki mai sanyi da abin ji a kunne, kuma tabbas yana fama da ciwon baya, don duk mai aikin sauraro da shi yake ƙarewa. Wani lokaci a tsakiyar saƙo sai ya ce, “Miƙe ka motsa bayanka, zan jira ka.” Sai ka ji shiru a wayar, mu ɗari biyu da wani abu muna jiran mutumin gwamnati ya gama miƙa.

In an daɗe ba a gyara inda ya faɗa ba, shi ke ba mutumin uzuri. Takarda ce, a hankali take hawa bene. Sau ɗaya motar ma'aikata ta zo ta gyara wani wuri da ya ambata, ko don maganarsa ko don ruwan ya kai ƙofar gidan wani babba, Allah masani. Mako guda ya yi yana godiya a waya.

Na taɓa ce masa, “Ƙanina, ya taɓa amsa maka sallamar kuwa?”

Ya ce, “Ni da nake ɗora kunne a ƙasa, na taɓa amsa wa bututu?”

Haka muka yi shekara biyu.

A layinmu akwai wata baiwar Allah da muke ce wa Nas, tana aiki a ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa. Ba a ma tabbatar da ita a aikin ba tukuna. Mahaifiyarta na kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma aikin nan shi ke riƙe da su biyun. Wata rana bayan la'asar ta shigo ɗakina da kayan aikinta, ta zauna a bakin gado. Da na tambaye ta ko lafiya sai ta ce, “Mama, kwana biyar ke nan ana kawo mana yara da gudawa da amai. Na duba inda suke zaune, duk layuka uku ne, kuma bututu ɗaya ke ba su ruwa. Na faɗa wa shugabanmu, ya ce in jira umarni. An sa mu mun sa hannu cewa ba za mu yi maganar aiki a intanet ba. In na yi, an kore ni. In na yi shiru kuma, gobe ma za a kawo wasu.”

Na ce ta faɗa wa Sufana shi kaɗai, ba a zaure ba. Nan a ɗakina ta ɗauki muryarta ta tura masa. Ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi inda take aiki ba. Ta dai ce a tafasa ruwa kafin a ba yara, ta faɗi yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.

Bai yi minti goma ba ya fito da keke, da dogon ƙarfensa, da farin kwano. Ya dawo kafin magariba, ƙafafun wandonsa baƙi ƙirin, yana wani irin wari har faccalata ta hana shi shiga ɗaki. Ya ce bayan injin niƙa bututun ya ratsa ta cikin babbar kwata, kuma ya tsage a nan. In an ɗauke ruwa sai bututun ya zuƙi na kwata, in an dawo da shi sai ya raba wa gidaje.

A nan ne ya yi kuskurensa. Maimakon ya faɗa da bakinsa kamar kullum, sai ya ɗauki muryar Nas ya tura ta zaure yadda take, ya biyo da tasa yana cewa, “Na taɓa, na sansana, gaskiya ne.” Da na yi masa magana ya ce maganar ciwo ta fi shiga kunne daga bakin wadda ta san ciwo. Kuma ta shiga ɗin. Ranar duk gidan da ka leƙa tukunya na kan wuta. Sai dai muryar ba ta tsaya a zaurenmu ba. Kafin kwana biyu 'yata da ke aure a wani gari ta turo mini ita tana cewa, “Umma, ki ji abin da ake faɗa a kan unguwarku.”

A rana ta huɗu aka kawo takarda. Ana neman mai Zauren Ruwa a ofishin da ke kula da maganganun intanet, a kan yaɗa labarin da zai tada hankalin jama'a, kuma ya zo da sunan matar da ta yi maganar.

Nas ta zo tana kuka. Da hannunta ta goge saƙon da ta tura masa daga wayarsa, don shi bai iya gogewa ba. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce mata, “'Yata, share hawaye. Mutumin nan shekara biyu muna tare. Ya san ni.”

Da safen tafiya faccalata ta jawo ni gefe ta ce, “Yaya, ke za ki raka shi. Ni in na je faɗa za mu yi a gaban hukuma. Ke yana jin nauyinki. Ki zauna kusa da shi, in kin ga bakin ya ɗauko gudu ki ja masa riga. Mutumin da ko kuɗin cefane na ɓoye sai ya faɗa wa baƙo inda na sa, shi za a ce ya riƙe suna?”

Gaskiyarta ce. Sufana bai iya ƙarya ba, bai kuma iya shiru ba. Duk hanya ina jan carbi ina roƙon Allah ya ɗaure harshen nan yau ɗaya.

Ofishin yana hawa na biyu na wani tsohon gini. A ƙofa mai gadi ya laluba shi ya karɓe sufanar, ya ce sai mun fito. Rigar ta miƙe tsaf, shi kuma ya dinga tafiya a karkace ta ɗaya gefen, yana shafa aljihu. Muka zauna a benci wajen awa guda kafin a kira mu.

Ɗakin ba sanyi. Fanka ɗaya ce tana juyawa da ƙyar, tebura huɗu, kwamfuta ɗaya an rufe ta da tawul. Wanda ya kira mu mutum ne da bai wuce arba'in ba, da tabarau, da alamar gajiya a fuska. Tsakanin bayansa da kujera ya cusa wani ɗan matashin kai.

Sufana na ganin matashin kan nan fuskarsa ta washe. Ya miƙa hannu biyu ya ce, “Allahu akbar! Ashe kai ne. Ya bayan?”

Ma'aikacin ya ce, “Wane baya, Baba?”

“Bayanka mana. Kana miƙewa in na ce ka miƙe?”

Mutumin ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ɗauko wayarsa ya kunna, muryar Nas ta cika ɗakin, ta Sufana ta biyo baya. Ya kashe ya ce, “Baba, wannan ta biyun taka ce. Ta farkon ta wace ce?”

Sufana ya yi dariya ya ce, “Haba, kai da kake jin komai, ni za ka tambaya?”

“Jin me?”

“Wayoyinmu. Shekara biyu ina gaishe ka, ina ba ka rahoto. Sandar wuta ta uku? Inci huɗu?”

Ma'aikacin ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, “Baba, mu huɗu ne a ofishin nan, kwamfutar ma ta lalace tun bara. Ko akwai masu ji a can sama, ni ban sani ba, ba a faɗa mini ba. Mu abin da aka kawo mana muke gani, kuma mutane ne ke kawo mana junansu. Wannan ma matar shugabanmu aka tura wa, ta kunna masa yana cin abinci, ya ce a nemo mai ita.”

Ban taɓa ganin fuskar ƙanin mijina haka ba, ko ranar da aka ba shi takardar ritaya. Ya zauna a hankali. Ya ce, “Ko ɗaya ba ka ji ba?”

“Ko ɗaya.”

“Har na bayan makaranta, wanda na maimaita sau uku?”

“Baba, ka yi haƙuri.”

Na kama gefen rigar Sufana na riƙe, don na san mutum in ransa ya ɓaci abin da ke ciki ke fitowa. Can sai ya ɗago ya ce, “Dokarku ta ce duk abin da aka faɗa a zaurena a wuyana yake, ko?”

“Haka ne.”

“Duka, ko wanda kuka zaɓa?”

Ma'aikacin ya ce, “Duka.”

“To zan amsa duka. Daga farko.”

Ya fito da wayarsa, ya yi ta ja da yatsa har ya kai ranar da ya yi rajista, ya ajiye ta a tsakiyar tebur ya danna. “Salamu alaikum jama'ar zaure. Kai ma mai sauraro, barka da aiki.”

Mutumin ya so ya tsayar da shi, amma ta ina? Dattijo ne sa'an mahaifinsa, kuma a fom ɗin da ke gabansa akwai layin da ya ce a ji bayanin wanda aka kira har ya gama. Sufana ya sa yatsa a kan layin bai ɗauke ba. Saƙo na biyu, na uku, na goma. In an zo wurin rahoto sai ya ce, “Ɗauki biro,” muryarsa ta waya ma ta ce, “Ɗauki biro.” Tun ma'aikacin yana ƙi har ya jawo wata tsohuwar ambulan ya fara rubutu a bayanta. Sauran ukun suka bar teburansu suka matso. Da aka zo inda muryar ke cewa, “Miƙe ka motsa bayanka, zan jira ka,” wallahi mutumin bai san lokacin da ya miƙe ba. Yana tsaye hannu a ƙugu ya farga, abokan aikinsa suka fashe da dariya.

Aka kira azahar, muka je muka yi salla, muka dawo. Sufana ya ci gaba daga inda ya tsaya. A saƙo na arba'in da wani abu ma'aikacin ya ɗora hannu a kan wayar ya ce, “Baba, don girman Allah. Suna ɗaya nake nema in rubuta ku tafi gida. Ni ma aiko ni aka yi.”

Sufana ya ce, “Ɗana, a wurin aikinmu in mace ta zo ta ce ta ga ƙasa ta jiƙe, ba mu taɓa tambayar sunanta ba. Shebur muke ɗauka. Matar nan abin da ta gani ta faɗa mini ni kaɗai. Ni na hau keke, ni na sa hannu a kwatar, ni na tura wa jama'a. Muryar aro na yi, maganar tawa ce. Rubuta sunana, ka san shi, yana jikin rajista.”

Na saki rigarsa.

Ma'aikacin ya juyo gare ni ya ce, “Mama, ke fa? Kin san muryar?”

Na ce, “Na sani, ɗana. Ba zan ce ban sani ba, ba kuma zan faɗa ba.”

Ya ɗauki fom ɗin. Sannan ya fita da shi, muka ji takunsa yana hawa bene. Da ya dawo ya ce shugaba ya yarda a rubuta cewa maganar daga mai zaure ta fito, a rufe fayil a haka. Amma da sharaɗi. Daga yau za a kulle zauren, ba mai magana a ciki sai shi kaɗai, kuma in aka sake kiransa ba ofis zai zo ba, kotu ce.

Sufana ya karanta takardar layi-layi, leɓensa na motsi. Ya tsaya a wani wuri ya ce, “Nan ka rubuta inci huɗu. Na bayan injin niƙa inci shida ne.” Sai da aka gyara ya sa hannu.

Muka dawo gida. Kwana biyu bai taɓa wayar ba, bai hau keke ba, abinci ma sai faccalata ta tsaya a kansa. Ba tsoron kotu ba ne. Ya ce mini, “Matar Yaya, baki ɗari biyu na rufe da sa hannu ɗaya.” Na ce masa ai ya bar wa mace ɗaya ƙofar aikinta a buɗe, kuma Allah ya gani. Ya ce ya sani, amma shirun zauren na damunsa.

Bayan mako uku motar ma'aikata ta zo gyaran bututun. Suka fara haƙa a layin da ba shi ba. Sai da ya je ya tsaya a kansu yana faɗa kafin suka kwashe kayansu suka koma bayan injin niƙa.

Mata kuwa ba su jira kowa ba. Tunda an hana su magana a zaure, sai suka koma zuwa da ƙafa. Da safe kafin in gama lazimi za a yi sallama, wannan ta ce a faɗa wa Baba ruwa ya zo layinsu, waccan ta ce nasu ja ne. Mu ɗauka mu kai masa, ya je ya taɓa, ya dawo ya faɗa da muryarsa, don ya rantse ba zai sake tura muryar kowa ba. Sai dai ya kafe cewa saƙo amana ne, ba shi da ikon rage masa ko harafi. Yadda mace ta faɗa, haka zai faɗa.

Shekaranjiya da hantsi yana zaune a benci a tsakar gida, ya kai wayar bakinsa, ya yi gyaran murya, ya ce da wannan ƙatuwar muryar tasa, “Jama'a, ruwa ya zo layin makaranta, na taɓa. Saƙo na biyu. Ni dai na gaji, kwana uku wankina na jiƙe, ga goyo ga miji mai mita. Kuma wadda ta ɗauke mini shuɗin bokiti a bakin famfo ta ji tsoron Allah ta dawo mini da abina, na kayan aurena ne.”

Faccalata ta saki muciya ta riƙe ciki. Wanzami ya leƙo ta katanga ya ce, “Sufana, Allah ya ba ka haƙurin zama da mijin nan naka!”

Ya ce, “Amin. In ka ga bokitin ka yi magana.”

Ana cikin haka Nas ta tsaya a bakin ƙofa da farin kayanta, jaka a kafaɗa, ta ce, “Baba, Mama, ina kwananku? Ba zan shigo ba, na makara.” Ta wuce da sauri.